Digirin Waje Ba Tare da Biza ba: Intanet Zalla ko Rabi Aji Rabi Intanet?

Ƙanwata ce ta tayar da wannan magana. Tana aiki a Kaduna, tana da aure da yara biyu, kuma ta daɗe tana son yin digiri na biyu. Rannan da daddare ta turo min hotunan takardu biyu ta WhatsApp, duka na gurbin karatu, duka ɗauke da tambarin jami'o'in Birtaniya. Ta farko karatu ne ta intanet tun daga rajista har ranar yaye ɗalibai. Ta biyu haɗin gwiwa ne da wata cibiya a Abuja: yawancin karatun ta intanet ne, amma duk zango sai an haɗu a aji na wasu kwanaki. A ƙasan hotunan ta rubuta, "Yaya, wanne zan ɗauka? Kai ka taɓa yi."

Na taɓa yi kuwa, na intanet zalla, kuma shekara uku na kwashe ina fama kafin kwali ya zo hannu. Amsar da na ba ta a daren nan gajeriya ce, ta kuma yi ƙorafin cewa ban ce komai ba. Wannan ita ce doguwar amsar.

Kafin komai, a cire tunanin cewa wannan harka baƙuwa ce. Jami'ar Landan tun 1858 ta buɗe ƙofa ga ɗaliban da ba sa zaune a Landan, su yi karatu a inda suke, su zauna jarrabawarta, ta ba su digirinta. Obafemi Awolowo a gida ya yi digirinsa na kasuwanci ta wannan hanya, ya samu a 1944, kafin ya tafi Ingila karatun lauya. Ita kanta Jami'ar Ibadan da aka kafa a 1948, kwaleji ce a ƙarƙashin Landan har 1962: aji a Ibadan, malamai a Ibadan, amma digirin na Landan. Ashe duka hanyoyin biyu da ƙanwata ke tambaya a kansu sun girme mu. Abin da ya canza shi ne ɗan aike. Da gidan waya ne ke kawo darasi cikin ambulan, yanzu data ce.

Me ya sa yanzu kowa ya karkato nan? Kuɗi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Daga Janairun 2024 kuma Birtaniya ta hana yawancin masu digiri na biyu na zaman aji zuwa da iyalansu. Mace mai yara biyu irin ƙanwata, wannan kaɗai ya rufe mata zancen tafiya. Don haka ban sa tafiya waje a cikin awon nan ba, sai dai in ambace ta inda ta zama ma'auni.

Waye yake koyarwa, waye yake sa hannu?

Kalmar "haɗin gwiwa" babbar riga ce, abubuwa da yawa suke ɓuya a cikinta. Idan mutum bai ɗaga rigar ya duba ba, zai biya kuɗin doki a ba shi jaki.

A ɓangaren intanet zalla, akwai wanda jami'ar da kanta take koyarwa, malamanta da suke shiga aji da safe su ne suke duba aikinka da yamma. Misalin da aka fi sani shi ne digiri na biyu a ilimin kwamfuta na Georgia Tech a Amurka, wanda ya fara a Janairun 2014 tare da kamfanonin Udacity da AT&T, a kan kuɗi wajen dala 7,000 gaba ɗaya, kuma kwalinsa iri ɗaya ne da na wanda ya zauna a Atlanta. Akwai kuma wanda jami'a ta ba da suna da manhaja kawai, wani kamfani ne yake neman ɗalibai, yake karɓar kuɗi, wani lokaci har masu koyarwar shi yake ɗauka. Wannan ba lallai ya zama na banza ba, jami'o'i masu mutunci suna yin haka. Amma ka sani cewa akwai mutum na uku tsakaninku, kuma shi ɗan kasuwa ne. Kamfanin 2U, mai dandalin karatun intanet na edX, wanda yake cikin manyan masu wannan harka a duniya, a Yulin 2024 sai da ya je kotu neman kariya daga masu bin sa bashi. Karatu bai tsaya ba, amma abin ya nuna cewa ɗan tsakiya ma yana iya yin tuntuɓe.

A ɓangaren rabi-da-rabi rigar ta fi faɗi. Akwai reshen jami'a na gaske, da gini da malamai da ɗakin karatu, irin na Jami'ar Lancaster da aka buɗe a Akara a 2013, ko na Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka da ke Kigali tun 2011. Akwai cibiyar koyarwa da jami'a ta amince da ita, kamar yadda Jami'ar Landan take da su a ƙasashe da dama: cibiyar ce ke koyarwa, Landan ce ke tsara jarrabawa ta ba da maki. Akwai tsarin da za ka yi shekara biyu a gida ka ƙarasa biyu a can, irin wanda Liverpool take yi da abokiyarta a Suzhou ta ƙasar Sin tun 2006. Sannan akwai na can ƙasa, wato ofis mai ɗaki biyu a saman wani shago, da allo da tambarin jami'a a bango, wanda in ka bincika da kyau aikinsa kawai cike fom.

Dukkansu in ka tambaye su za su ce maka "muna haɗin gwiwa da jami'ar Birtaniya." Gaskiya suka faɗa, kowa da irin tasa.

Shi ya sa abin da na fara ce wa ƙanwata shi ne ta manta da launin takardar, ta nemi amsar abu uku a rubuce: sunan wa zai fito a kwalin, wa yake duba jarrabawa, kuma malaman da za su tsaya a gabanta ma'aikatan wa ne. Sannan ta shiga shafin ita uwar jami'ar, ba na cibiyar ba, ta ga ko an jera sunan cibiyar a cikin abokan hulɗa. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fitar da ƙa'idojin irin wannan haɗin gwiwa a 2023, saboda haka cibiyar da ke aiki a Najeriya ba ta da hujjar kasa nuna takardar amincewa.

Lissafin kuɗi

A takarda, intanet zalla ya fi araha kusan kullum. Babu kuɗin gini a ciki, babu mota, babu masauki. Yawancinsu kuma suna barin ka biya kwas-kwas, in aljihu ya yi sanyi ka dakata zango guda ka dawo. Wannan sassauci shi ya cece ni, don sau biyu ina dakatawa.

Amma da kuɗin waje ake biya, kuma a nan ne gizo yake saƙa. Ɗauki dala 7,000 ɗin nan. A farashin 460 naira miliyan 3 ne da dubu ɗari biyu da 'yan kai. A farashin 1,500 ta zama miliyan 10 da rabi. Jami'ar ba ta ƙara ko sisi ba, kai ne ƙasa ta zame maka. Wanda ya fara karatu kafin faɗuwar naira ya ƙarasa bayanta ya san abin da nake nufi. Ga kuma wahalar aika kuɗin: an yi lokacin da bankuna suka dakatar da amfani da katin naira a waje, sai ka nemi ɗan'uwa mai asusun fam ya biya maka kai kuma ka tura masa naira, kana addu'a kada wa'adin biya ya wuce a kulle maka shafi.

Na rabi-da-rabi wasu suna karɓar wani kaso da naira, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai a tambaya da kyau, domin sau da yawa kuɗi biyu ne: na cibiya daban, na rajista da jarrabawar uwar jami'a daban, kuma na biyun da fam ne. Tallan yakan nuna na farko da manyan haruffa. Sai kuma kuɗin da ba a rubuta shi a ko'ina: jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu da dawowa, masauki a Abuja na kwana huɗu ko biyar, abinci, da wanda zai riƙe yara. Ninka wannan sau shida ko fiye a tsawon karatun. Ga wanda yake zaune a garin da cibiyar take, wannan ba komai ba ne. Ga wanda zai taso daga Gashuwa ko Birnin Kebbi, zai iya cinye duk rarar da ake tunanin an samu.

Wani abu da ya kamata a yi hattara da shi a duka ɓangarorin shi ne kalmar tallafi. In aka kira ka a waya kwana ɗaya bayan ka cike fom aka ce ka ci tallafin kaso kaza amma sai ka biya kafin Juma'a, ragin ɗan kasuwa ne aka sa masa rawani. Tallafi na gaske akwai shi, kuma ba ya bin ka da kira. Hukumar tallafin karatu ta Kwamanwel tana da guraben digiri na biyu na karatu daga nesa a jami'o'in Birtaniya, Gidauniyar Mastercard ma ta ɗauki nauyin 'yan Afirka a kwasa-kwasan intanet na Jami'ar Edinburgh. Waɗannan gasa ake yi, a rubuta takardu, a jira watanni.

Yadda karatun yake a zahiri

Nan ne nake da abin faɗa, domin jiki magayi.

Ranar wata jarrabawata ta ƙarshen zango, ƙarfe biyu na rana, na kulle kaina a ɗakin baƙi. Irin jarrabawar nan ce da wani yake kallonka ta kyamara daga wata ƙasa. Ya sa na ɗaga kwamfutar na zagaya da ita ɗakin, na nuna masa ƙarƙashin tebur, na nuna masa katin shaida, har kalandar da ke bango ya ce in cire don akwai rubutu a jiki. An fara lafiya. Minti arba'in da shiga aka ɗauke wuta, wannan ban damu ba don akwai inbata. Abin da ban lissafa ba shi ne sabis. Alamar ta sauko daga huɗu zuwa ɗaya, hoton mutumin ya daskare, agogon jarrabawa kuma yana ta tafiya. Na jawo wayata zan haɗa da layi na biyu, sai na tuna an ce taɓa waya laifi ne. A daidai lokacin ƙaramin ɗana ya fara buga ƙofa yana "Abba, Abba," uwarsa tana jan sa tana rarrashi. Da sabis ya dawo na yi asarar fiye da minti goma. Na ci jarrabawar, amma sai da na yi sati uku ina musayar saƙo ina bayanin dalilin da ya sa aka ji muryar wani a ɗakin.

Ba don in tsorata kowa na ba da wannan labari ba. Don a gane ne cewa a karatun intanet zalla kai ne jami'ar. Kai ne mai samar da wuta, kai ne mai ɗakin karatu, kai ne mai gadi, kai ne mai buga ƙararrawa. Wanda ba shi da sola ko inbata, da layi biyu na kamfanoni daban-daban, da ɗakin da zai iya rufewa, to ya sa kuɗin waɗannan a cikin kuɗin makaranta tun farko. Data ma ba ta tsaya inda take ba, a Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50.

Sai lokaci. Da Birtaniya muna da sa'a: a bazararsu agogonmu ɗaya, a hunturunsu mun riga su da awa ɗaya kawai. Duk da haka akwai azumin da darasin kai tsaye ya riƙa faɗowa daidai buɗa baki, ina riƙe da dabino ina kashe makirfo. Da Amurka kuwa tazarar gabashinta awa biyar ce ko shida, taron ƙarfe takwas na dare a can ƙarfe ɗaya ko biyun dare ne a nan. Kwas ɗin da aka naɗi darussansa ka kalla lokacin da ka ga dama ya fi dacewa da ma'aikaci nesa ba kusa ba, kuma wannan tambaya ce da ya kamata a yi kafin a biya.

Amma wuta da sabis ba su ne suke kayar da mutane ba. Kaɗaici ne. Babu wanda zai lura ka yi sati biyu ba ka buɗe shafin ba. In biki ya taso, ko rasuwa, ko aiki ya yi yawa a ofis, karatun ne yake fara matsawa gefe domin shi kaɗai ne ba ya magana. Mun fara da wasu 'yan Najeriya a zaure ɗaya na WhatsApp, ana ta zumuɗi. A shekara ta biyu zauren ya yi tsit. Ba wanda ya sanar cewa ya bari, kawai sai ka daina ganin mutum. Taura biyu ba ta taunuwa, in ji Bahaushe, kuma aiki da iyali da karatu taura uku ne.

To a nan ne rabi-da-rabi yake da ƙarfin da ba a iya sa masa farashi. Sanin cewa ranar kaza za ka zauna gaban malami da abokan aji yana tilasta maka karanta abin da da ka ɗage. Kunya ma tana aiki. Tambayar da za ka yi kwana uku kana jiran amsarta a saƙo, a aji minti biyu ce. Malamin da yake zaune a ƙasar ya san cewa misalin da littafin ya kawo na kasuwar Manchester ba zai zauna a Kantin Kwari ba, zai juya maka shi. Ga abokai: wanda kuka ci abinci tare a hutun rana shi ne zai kira ka bayan shekara biyu ya ce an buɗe gurbi a ma'aikatarsu. Ni abokan karatuna suna Nairobi da Dubai da Kingston, mutanen kirki, amma ba wanda zai iya min wannan kiran. Zuwa da kai ya fi aike, ko a nan.

Sai dai kada a ɗauka duk inda aka ce akwai aji to akwai wannan alheri. Wani abokina ya yi irin wannan tsari a wata cibiya da ba zan ambata ba. An yi musu alkawarin malamai daga uwar jami'a za su riƙa zuwa. Zangon farko wani ya zo na kwana uku. Daga nan "aji" ya koma su taru a ɗaki mai sanyi a kunna musu bidiyon da kowa zai iya kallo a gidansa, wani matashi yana zaune a baya yana ɗaukar sunaye. Ya biya kuɗin mota da masauki don ya kalli talabijin. Rabi-da-rabi mai kyau ya fi intanet zalla. Rabi-da-rabi maras kyau kuwa ya haɗa maka wahalar biyun, ya hana ka daɗin ko ɗaya. Kuma bambance su yana da sauƙi: ka je da ƙafarka ranar da ake darasi, ba ranar da suka gayyace ka ba, ka tsaya a bakin ƙofa ka tambayi ɗalibi biyu.

Akwai kuma wani abu da intanet zalla ya fi, wanda ba a cika faɗa ba. In jami'ar da kanta take koyarwa, kai tsaye kake samun malamin da ya rubuta manhajar, da ɗakin karatun intanet na jami'ar da mujallun bincike da ba ka iya saye da albashinka. Wannan shi ne abin da na fi kewa bayan na gama. Ranar da aka rufe min shiga ɗakin karatun sai na ji kamar an kore ni daga gida.

Ƙofar da kake son kwalin ya buɗe

Duk abin da ya gabata ana iya jayayya a kansa. Wannan kuwa ba a iya yi, domin ba ra'ayinka ba ne, dokar wasu ce.

Idan digirin farko ne, a tsaya a yi tunani sosai. Hukumar bautar ƙasa ɗaliban cikakken lokaci take kira, kuma wanda ya zo da digirin waje ana neman fasfonsa da bizar ƙasar da ya yi karatu da hatimin fita da dawowa. Yaron da ya yi digirin Birtaniya daga ɗakinsa a Gwammaja ba shi da ko ɗaya. Ba tare da takardar bautar ƙasa ba kuwa an san yadda neman aiki yake. Ko ba wannan, ɗan shekara 18 yana bukatar abin da ba a turowa ta waya: tashi da wuri, zama da mutanen da ba 'yan unguwarsu ba, tsayawa gaban aji ya yi magana ƙafarsa tana rawa. Ni ban ba kowa shawarar intanet zalla a digirin farko ba, sai babba mai aiki da ya riga ya wuce shekarun bautar ƙasa.

Idan fanni ne na hannu, likitanci, jinya, injiniyanci, haɗa magunguna, to zancen ya ƙare tun kafin a fara. An ga misali a 2022. Da yaƙi ya kori ɗalibanmu daga Yukren, jami'o'insu suka ci gaba da koyar da su ta intanet, sai Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya ta ce ba za ta karɓi karatun likitanci da aka yi haka ba. Yara sun sha wahala ba da laifinsu ba, amma hukumar tana da hujja: ba a koyon jin bugun zuciya ta allon kwamfuta. Kowace sana'a mai lasisi tana da hukumarta, kuma ita za a tambaya a rubuce kafin a biya ko kwabo, ba mai tallan kwas ba.

Idan niyyar ita ce a bi ta karatun a samu zama a waje, duka biyun ba hanya ba ne. Damar zama a yi aiki bayan karatu da Birtaniya ta ɓullo da ita a 2021 ta wanda ya je can da bizar ɗalibi ce. Kwalin iri ɗaya ne, amma ba ya zuwa da biza.

Sannan iskar da ke kaɗawa yanzu ta zargi ce. Tun da ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin sati shida, gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024, duk kwalin da ya shigo daga waje kallon tsaf ake masa. Ba mu kaɗai ba ne: ƙasar Sin ma a Janairun 2023 ta sanar da daina amincewa da digirin waje da aka yi ta intanet, bayan sassaucin da ta yi lokacin korona. Wannan zargi ya fi cutar da mai digirin jami'ar da ba a san ta ba. Wanda ya riƙe kwalin Edinburgh ko Landan, a kira jami'ar a tabbatar, magana ta ƙare. A ma'aikatu masu zaman kansu da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, ni dai ba a taɓa tambayata ko a aji na zauna ba, abin da na iya aka tambaya. Ma'aikacin gwamnati kuwa mai son a lissafa masa digirin wajen ƙarin girma, ya nemi izinin karatu a rubuce kafin ya fara, ya kuma san cewa sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardar.

Malaman jami'a lamarinsu daban ne, kuma a wurinsu nake ganin rabi-da-rabi ya fi kowane tsari ma'ana. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025. Abin da ya rage mai kyau shi ne digirin digirgir na raba zama: rajista a gida, mai duba aiki ɗaya a nan ɗaya a can, ganawa ta intanet, sannan a je can na wani lokaci don ɗakin gwaji. Kwamanwel tana da tallafin shekara ɗaya a Birtaniya don irin wannan, PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, ma ta karkata zuwa tsarin ta kwalejinta da ke Kaduna. Binciken yana zama a kan matsalar gida, mutum kuma bai yi nisan da zai ƙi dawowa ba. 'Yan'uwa na Nijar kuma sun daɗe da wani tsari da ya tsaya tsakiyar biyun: kwasa-kwasan nesa na jami'o'in ƙasashe masu Faransanci ta hannun hukumar AUF, wadda take da cibiya a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, inda ɗalibi yake samun intanet da wurin zama jarrabawa. Karatun a allo, amma akwai ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Kada kuma son tambarin waje ya rufe ido. Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar karatu daga nesa, ga NOUN, jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, duk da naira. Wanda abin da yake nema shi ne matakin albashi na gaba, wataƙila amsarsa tana Zariya.

Ita ƙanwata, lissafinta ya fito kamar haka. Digiri na biyu ne, ta riga ta yi bautar ƙasa, fannin ba mai lasisi ba ne, kuma a kamfani mai zaman kansa take aiki, saboda haka duka ƙofofin a buɗe suke. Suna da sola a gida. Abin da ba ta da shi shi ne lokaci, kuma na san halinta: in ba a sa mata rana ba, ba ta gama abu. Don haka zuciyata ta karkata ga na Abuja, na kuma gaya mata haka, da sharaɗin ta tura tambayoyin nan uku ga duka biyun.

Ta tura ranar Litinin. Jami'ar intanet zalla ta amsa ranar Laraba, layi-layi, har da sunan sashen da yake duba jarrabawa. Cibiyar Abuja ba ta rubuto komai ba, sai dai sun kira ta sau biyar a sati ɗaya, kowane kira da sabon ragi. A na biyar ta ce wa mai kiran, "Don Allah ku rubuto min kawai." Ya ce zai yi magana da oga.

Bayan sati biyu ta biya kuɗin kwas ɗaya na intanet zalla, guda ɗaya tak, don ta gwada kanta. Ta kuma kira ni ta ce, "Yaya, tunda kai ka ce ba na gama abu, duk Lahadi bayan la'asar za ka kira ni ka tambaye ni inda na tsaya." Yanzu Lahadi bakwai kenan. Sau ɗaya na manta, ita ta kira.